Yadda Muka Auna Rabon Rafi Tsakanin 'Ya'yan Salmon da Tirawut a Kogin Dee

Kafin a bar mutum ya sa na'urar lantarki cikin wani rafi a Sukotland, sai ya nuna takardu biyu: shaidar horo da lasisin hukuma. Kamun kifi da lantarki laifi ne a can ƙarƙashin dokar salmon da kifin ruwan daɗi ta 2003, sai ga wanda aka ba izini don bincike. Saboda haka aikin digirina na biyu a Aberdeen daga aji ya fara. An koya mana yadda wuta ke tafiya cikin ruwa, yadda take fizgo kifi zuwa ga sandar da ke hannunka, yadda take iya karya masa ƙashin baya in ka cika mata ƙarfi, da abin da za ka yi in abokin aikinka ya zame ya faɗi alhali na'ura na kunne. Wannan darasi na ƙarshe shi kowa ya fi kasa wa kunne.

Tambayar da aka ɗora mini gajeriya ce. A ƙananan rafukan da ke zuba cikin kogin Dee, kifi iri biyu ake ƙyanƙyashewa cikin tsakuwa ɗaya, suna cin ƙwari iri ɗaya, kuma 'yan uwan juna ne na jini: salmon na tekun Atlantika, Salmo salar, da tirawut mai ruwan ƙasa, Salmo trutta. Kusancinsu ya kai har wani lokaci sukan yi barbara a samu ruwa-biyu. To yaya suke raba rafin da faɗinsa bai wuce taku uku ko huɗu ba? Wa ke ture wa? Kogin Dee kansa yana tasowa ne daga duwatsun Cairngorms, a tudun da ya haura mita 1,200, ya gangaro kimanin kilomita 140 ya faɗa teku a Aberdeen. Masu kuɗi daga ƙasashe da dama na biyan kuɗi mai tsoka don su jefa ƙugiya a cikinsa, amma kifin da suke nema a can sama yake yin yarintarsa, cikin ƙoramun da ko jirgin kwale-kwale ba zai shiga ba.

Sai an san yadda shekararsu ke juyawa kafin a gane rikicin. Tirawut ke riga zuba ƙwai, galibi daga Oktoba zuwa Nuwamba, salmon ya biyo baya a Nuwamba da Disamba. Uwa takan kwanta a gefe ta yi ta kaɗa wutsiya har ta tone rami cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta mayar da tsakuwa ta rufe. Uwar salmon kan zuba sama da ƙwai 1,000 a kowane kilo na nauyinta. Da yake ita ta fi girma kuma ita ke zuwa daga baya, takan tone sheƙar tirawut ta watsar da ƙwansa in wurin ya yi mata. Wannan ne zagayen farko, kuma salmon ke cinye shi. Amma ƙwai na nuna ne gwargwadon ɗumin da suka tara, don haka wanda aka riga zubawa shi ke riga fitowa. 'Ya'yan kan zauna cikin tsakuwa suna shan gwaiduwar da ke rataye a cikinsu, sai ta ƙare su ɓullo sama wajen Afrilu da Mayu, tsawonsu bai kai santimita 3 ba. Ɗan tirawut ya riga fitowa da 'yan makonni. Kafin ɗan salmon ya leƙo, an riga an kama wurare masu kyau, kuma mai wurin ya ɗan fi shi ƙiba.

Da na yi wa Kawu wannan bayani a waya, bai bari na kai aya ba. Shekaru ya yi yana kiwon tarwada a kududdufan siminti a bayan gari.

"Tsaya tukuna, ɗana. Da lantarki ka ce kuke kamun? Abin da a nan ake kai mutum gaban hukuma a kai?"

"Eh, Kawu, amma da izini. Sumar da su kawai muke, mu auna, mu mayar."

"To Allah ya kyauta. Amma wannan na riga fitowa ai ba sabo ba ne. Ka zuba 'ya'yan tarwada kai ɗaya, ka ba su mako biyu, za ka ga wasu sun yi tsalle sun fi saura. In ba ka tace ka ware su ba, su za su cinye abincin, daga nan su juyo kan ƙannensu."

Gaskiyarsa. Bambancin kawai shi ne a rafi babu mai zuwa da rariya ya ware manya, kuma abincin ba watsa shi ake yi ba, ruwa ke kawo shi ta hanyoyi ƙididdigaggu.

Lokacin aiki daga Yuli ne zuwa Satumba: 'yan bana sun yi girman da za a iya kama su a gane su, manya kuma ba su hauro zuba ƙwai ba. Mu uku ko huɗu muke fita. Shugabar tawagar, wadda ni dai Dakta nake ce mata, ta zaɓi wurare daga rafuka masu faɗi dabam-dabam, daga wanda za ka tsallake da taku ɗaya har zuwa mai faɗin mita goma. Kowace safiya kafin mu bar mota sai mun fesa wa takalma da koma da bokitai maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Virkon, haka ma in za mu sauya rafi. Tsoron da ake ji shi ne wata ƙwayar cuta, Gyrodactylus salaris, da ta share 'ya'yan salmon daga koguna da dama a Norwe. Ba ta shigo Birtaniya ba, kuma ba wanda ke son a ce ta takalminsa ta shigo. Daga nan sai tafiyar ƙasa, da batir a baya, da wandon roba mai haɗe da takalmi da ya kai ƙirji. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo a tuddan nan, ba su kai kan allura ba, da ke tasowa kamar hayaƙi in iska ta kwanta. Sauro na da mutunci a kansu, shi aƙalla yana sanar da zuwansa. Da ragar fuska muke aiki, da yamma kuma kowa ya duba jikinsa ko kaska ta maƙale.

In mun isa, sai a auna yanki mai kimanin murabba'in mita 100, a datse shi sama da ƙasa da raga, a danne gindin ragar da duwatsu yadda ko ɗan yatsa ba zai wuce ba. Wannan datsewa ita ce gindin lissafin duka: ba mai shiga, ba mai fita. Sai a auna sanyin ruwa da yadda yake ɗaukar wuta. Ruwan da ya fito daga dutse mai tauri irin na Cairngorms kusan babu gishirin komai a cikinsa, wuta ba ta tafiya sosai, dole a ɗaga na'ura zuwa bolt 200 ko 300. A ƙasa wajen gonaki, inda ruwa ya kwaso taki da ƙasa, kaɗan ta isa. Mai na'ura yana riƙe da sanda mai zoben ƙarfe a baki, wata igiyar waya na jan ƙasa a bayansa. Ana farawa daga ƙasa a hauro, don laka da ƙafa ta tayar ta wuce bayanmu. Yakan ce "wuta!" kafin ya danna, ya share zoben daga sama zuwa ƙasa, masu koma na tsaye a ƙasansa.

A nan na fara ganin rabon da idona, tun kafin a rubuta lamba ko ɗaya. Inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa, zurfinsa bai kai gwiwa ba, yana tafasa fari-fari, in aka danna wuta ba ka ganin komai sai ka ɗaga koma: ga 'ya'yan salmon nan a kwance ciki, sirara, ruwa ya mirgino su. Ba ka kama su da ido, dasa komar kake a ƙasa ka bar ruwa ya kawo. Amma da zarar zoben ya kusanci gaɓa, ƙarƙashin saiwar itace ko inda ruwa ya ƙwaƙule ƙasa ya yi rumfa, sai ka ga tirawut ya fito a guje kamar an jawo shi da zare, gefensa na walƙiya ruwan zinariya. Gurbi mai zurfi kuwa, inda ruwa ke lafawa, kusan kullum akwai babban tirawut guda da ya mallake shi, wani ya kai tsawon tafin hannu da rabi, sai 'yan ƙanana a gefe-gefe. Mukan samu gwando, dogon kifin nan mai kama da maciji, jefi-jefi, wanda shi wuta ba ta cika sumar da shi ba, murɗewa yake ya sulale ta ramin koma.

Kifin da aka kama ana zuba shi a bokitin ruwa mai sanyi a inuwa. Sai a ɗebo kaɗan-kaɗan a sa cikin wani kwano da aka ɗiga wa man kanumfari. Cikin minti ɗaya ko biyu sai su kwanta a gefe, numfashi kawai suke. Ƙamshin nan na kanumfari a tsakiyar dutsen Turawa bai daina ba ni mamaki ba har muka gama. Da jiƙaƙƙen hannu ake ɗaukar kowanne, a ɗora a allon awo, a karanta tsawonsa daga baki zuwa tsagar wutsiya da milimita, a faɗa wa mai rubutu iri da tsawo.

Faɗin irin shi ne gwanintar. Na shekara ɗaya zuwa sama ba su da wuya. Dukansu suna da tabo-tabo masu duhu a jere a gefe kamar an dangwala yatsu, amma ɗan salmon siriri ne, wutsiyarsa ta tsage sosai, gindinta kuma ya tsuke. Fuka-fukansa na ƙirji manya ne, faffaɗa. Muƙamuƙinsa na sama ba ya wuce tsakiyar ido sosai, kuma a kumatunsa ɗigo ɗaya zuwa uku ne baƙaƙe, manya. Ɗan tirawut ya fi kauri, bakinsa ya kai ƙarshen ido ko ya wuce, ɗige-ɗige sun yi masa yawa, wasu ja da farin zobe. Alamar da ta fi saurin kama ido ita ce ɗan ƙaramin fiffiken tsoka da ke bayansa kusa da wutsiya: na tirawut ja ne ko ruwan goro, na salmon toka-toka. 'Yan bana masu milimita 40 zuwa 50 su ne jarrabawa. Dakta takan ɗaga ɗaya a tafin hannu ta ce, "Kar ka tsaya kan alama ɗaya. Duba fiffike, duba baki, duba wutsiya, sannan ka yi magana." Daga wasu kuma mukan kankare 'yan ɓawon jiki kaɗan da bakin wuƙa mu sa a ambulan, don karanta shekaru daga baya. Bayan awo sai bokitin farfaɗowa, su jira a can har a gama da wurin gaba ɗaya.

Sau uku ake share kowane yanki, da hutu a tsakani don ruwa ya washe, kifin da ya ɓuya ya fito. Hikimar ita ce ba za ka taɓa kame su duka ba, amma yadda kamun ke raguwa zai gaya maka nawa suka rage. A ce zagayen farko ya ba da 60, na biyu 30, na uku 15. Kowane zagaye rabin abin da ke ciki yake ɗauka ke nan, don haka asalin adadin ya kai 120, saura 15 na nan ƙarƙashin duwatsu. Wannan lissafi da ake jingina wa wani masani mai suna Zippin tun shekarun 1950 ake yin sa, kuma ana yi wa kowane iri da kowane tsara nasa dabam, domin babban kifi ya fi ƙarami jin wuta. In zagaye na biyu ya fi na farko yawa, to akwai magana: ko raga ta ɗaga, ko girgije ya rufe rana masu koma ba sa gani. Bayan haka sai awon wurin kansa: faɗi, zurfi, kashi nawa ne yashi, kashi nawa tsakuwa, kashi nawa manyan duwatsu, gaɓa na da rumfa ko babu, itace na yi masa inuwa ko a'a. Aiki ne mai gundura, amma ba don shi ba lambobin kifin ba su da ma'ana.

Wata rana da batir ya mutu da wuri, muna jiran a kawo wani, na kwanta rub da ciki a gaɓa na sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Sai da idona ya saba sannan na fara ganinsu. A bayan wani dutse mai girman tulu, daidai inda ruwa mai gudu ke gogar ruwa mai lafawa, wani ɗan tirawut na tsaye a tsakiyar ruwa, kansa na fuskantar sama, wutsiya na kaɗawa a hankali. Duk ɗan abin da ruwa ya kawo, tsutsar ƙwaro ko ƙudan da ya faɗo, sai ya zabura ya cafke ya dawo daidai inda ya bari, ba ya kuskure ko da faɗin yatsa. Wani ƙarami ya matso daga ƙasa. Mai wurin ya buɗe fuka-fukai, ya juya masa gefe, da bai ji ba ya kai masa cizo a wutsiya. Shi ke nan, ƙaramin ya koma can gefe cikin ruwa marar motsi inda babu abin da ke wucewa. Taku ɗaya daga nan, cikin ruwa mai ƙarfi, na daɗe ina kallon wani abu da na ɗauka tsakuwa ce, sai da ya yi tsalle. Ɗan salmon ne, ya kwantar da ciki a kan dutse, ya baza manyan fuka-fukan nan nasa, ruwa na danna shi ƙasa maimakon ya kwashe shi. Ba ya iyo, ba ya ɓata ƙarfi, sai abinci ya zo. Tirawut ba zai iya zaman nan ba, jikinsa ba a ƙera shi don haka ba.

Abin da ake faɗa a kansa ke nan: wurin tsayawa. Abinci a rafi tafe yake, kuma akwai 'yan wurare ƙalilan da kifi zai tsaya da ƙaramin ƙoƙari abinci mai yawa na wucewa ta gabansa, ga kuma maɓoya kusa in zalɓe ko karen ruwa ya bayyana. Yayin da kifi ke girma filin da yake karewa na faɗaɗa, don haka rafin da ya ɗauki ɗaruruwan 'yan bana ba zai ɗauki rabin haka na 'yan bara ba. Masu bincike a Jami'ar Glasgow sun nuna cewa ɗan salmon da aka ci da yaƙi yakan duhunta jikinsa da farin idonsa, alamar ya sallama, kuma mai ƙarfin yakan rage kai masa hari in ya ga haka.

Da lambobi suka taru, hoton ya fito yadda kowa a tawagar ya yi zato. A ƙoramu matsattsu tirawut ne sarki, salmon 'yan tsiraru ko babu. Yayin da rafi ke faɗaɗa sai salmon ya riƙa yawa har ya rinjaya. Dalilin a fili yake: tirawut ɗan gaɓa ne, kuma a rafin da faɗinsa mita biyu ne ko'ina gaɓa ce. A mai faɗin mita goma kuwa akwai babban fili a tsakiya, buɗaɗɗe, mai gudu, wanda ba mai so sai salmon. Na zana jadawali na kai wa Dakta da murnata, na ce ga gasa nan ƙarara, inda wannan ya yi yawa wancan ya ragu.

Ta duba ta ce, "Wa ya ce maka ture shi aka yi? In ɗan salmon dama can kan tsakuwar yake so fa? Ka nuna mini sun rabu. Ba ka nuna mini dalilin rabuwar ba."

Wannan ita ce tambayar da ƙidaya kaɗai ba ta amsawa, sai an cire ɗaya an ga abin da ɗayan zai yi. An kuwa yi hakan. A 1958 Kalleberg a Suwidin ya zuba 'ya'yan irin biyu a rafin gwaji mai gefen gilashi, ya ga tirawut ya fi faɗa kuma shi ke kame wurare. A shekarun 1980 Kennedy da Strange suka yi gwajin a rafi na gaske, a saman kogin Bush a Ailan ta Arewa: suka kwashe tirawut daga wani yanki, suka bar wani yadda yake, suka dasa salmon a duka biyun. Inda babu tirawut, 'ya'yan salmon sun fi rayuwa, sun fi girma, kuma sun bazu har cikin ruwa mai zurfi da da ba a ganinsu. Ashe ba ƙin gurbi suke ba. Gudun tsakuwa mafaka ce da jikinsu ya ba su damar zama, ba ita ce zaɓinsu kaɗai ba.

Sai kuma aikin Elliott a wani ɗan rafi, Black Brows Beck, a yankin tafkunan arewacin Ingila, wanda ya fara a 1966 ya bi shi shekaru da dama. Ya nuna cewa mafi yawan mutuwa na faruwa ne cikin wata ɗaya zuwa biyu da ɗoriya bayan fitowa daga tsakuwa: wanda bai samu wuri ba yunwa ta rame shi, ruwa ya tafi da shi, kuma yawan ƙwai in ya wuce kima ba ya ƙara yawan masu tsira. Rafin nasa tirawut ne ke gasa da tirawut. Wannan ya sauya yadda nake kallon bokitinmu. Mu daga Yuli muke zuwa, faɗan kuwa tun Mayu da Yuni aka gama shi. Waɗanda muke aunawa su ne suka ci, waɗanda suka faɗi babu su a lissafi. Kuma babban abokin gabar ɗan salmon ba lallai tirawut ba ne, ɗan uwansa ne da ke son dutse ɗaya da shi, da yayansa na bara da ya fi shi girma.

Wani dattijo mai kula da masu jefa ƙugiya a wani sashe na kogin yakan tsaya kallonmu, hannu a aljihu. Ra'ayinsa bai da kwana: duk tirawut ɗin da muka kama a jefar da shi tudu, salmon ya sarara. Na fahimce shi, abincinsa a salmon yake. Amma ban yarda da shi ba, har yanzu. Irin biyun tare suka zauna a waɗannan rafuka tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe ƙasar, shekaru dubbai, har da zamanin da salmon ya cika kogin maƙil. Ƙari a kan haka, wani kaso na 'ya'yan tirawut ɗin nan su ma teku za su tafi su dawo manya, farare, a kama su da kuɗi, kuma a bokiti ba ka iya bambance mai tafiya da mai zama, iri ɗaya ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rafukan da aka miƙar aka yashe tun zamanin da don a tsane gonaki: zurfi ɗaya daga farko har ƙarshe, ba gurbi, ba manyan duwatsu. A irin wannan kowane kifi yana hango maƙwabcinsa, kuma an nuna cewa in akwai duwatsun da ke kare ido, filin da kowanne ke karewa na raguwa, wurin ya ɗauki kifi da yawa. Shi ya sa yanzu ake mayar da kututturan itace da duwatsu cikin rafukan Dee na sama.

Zafi ma ya shigo cikin rabon. Mu in ruwa ya doshi digiri 18 muke tattara kaya, don kifin da ya sha wuta da zafi tare ba ya farfaɗowa da kyau. Tirawut ya fi saurin girma a wajen digiri 13, salmon wajen 16. Tirawut kan fara mutuwa in ruwa ya daɗe a kusan 25, salmon na jurewa har kusan 28. A 2018 an auna digiri 27.5 a kogin Gairn, reshen Dee. Tuddan nan tsirara suke, barewa da tumaki sun hana itace tasowa, rana na dukan ruwa marar zurfi tun safe har wajen ƙarfe goma na dare a tsakiyar shekara. Wani zai ce to zafi ya taimaki salmon ke nan tunda abokin karawarsa zai riga faɗuwa. Tazarar digiri uku ce, ba ta isa a yi murna ba. Ƙungiyoyin kula da kogin sun ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan ɗaya a gaɓoɓi a 2020 don samar da inuwa.

Da Oktoba ta kama muka koma ɗaki. Ƙarƙashin madubin ƙara girma, ɓawon jikin kifi na da zobba a jere: masu tazara na watannin ɗumi, matsattsu na hunturu. Ka ƙirga matsattsun ka san shekarunsa. A rafukan sama masu sanyi, ɗan salmon kan yi shekara 2 ko 3 kafin ya rikiɗe fari kamar azurfa ya gangara teku, wato hunturu biyu ko uku yana maƙwabtaka da tirawut. Wannan ɓangare na'urarmu ba ta gani. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 dukansu sukan shige ramukan da ke tsakanin duwatsu da rana, su fito kiwo da dare, kuma dukansu ruwa mai lafawa suke nema. A lokacin rabon da muka gani na tsakuwa da gaɓa ya rushe. Gwajin da Harwood da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya nuna cewa in akwai tirawut, 'ya'yan salmon kan koma ruwa marar zurfi ko su sauya lokaci su fito da rana, lokacin da tsuntsaye masu cin kifi ke gani sarai.

Akwai wasu wurare a jadawalina da suka ƙi shiga kowane bayani. Tsakuwa mai kyau, gudun ruwa daidai, faɗi ya isa, tirawut kaɗan ne a gaɓa, amma 'yan banan salmon babu ko na rantsuwa, ko kuma ka samu 'yan bara babu 'yan bana. Ba wanda ya ture su, ba a zuba ƙwan ba ne, ko an zuba ambaliya ta kwashe, irin wadda guguwar Frank ta kawo a ƙarshen Disamban 2015 ta shiga garin Ballater. A rafin Girnock, kusa da wurin, akwai tarkon gwamnati da ke ƙirga duk salmon mai haurowa da mai gangarawa tun 1966, kuma iyaye mata masu dawowa daga teku sun ragu ƙwarai daga abin da ake gani a shekarun farko. A Disamban 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa salmon na Birtaniya cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Na so in cusa waɗannan wurare cikin babin gasa, Dakta ta ce in ware musu babi nasu, in kuma rubuta a sarari cewa a can ba a iya auna gasa, tunda ɓangare ɗaya bai halarta ba. Haka na yi, kuma babin ya fi na gasar tsawo.